Yadda Muka Kai Gwaggo Madani a Kan Keke

Tun da muka dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. Ƙawayena na makaranta suna so su ji yadda ƙasar take, ko da gaske ne matan can kullum cikin laffaya suke, ko na ga kogin Nilu da idona. Waɗanda kuma suka zo dubiya gidanmu a unguwar Madabo cikin Kano suka tarar da Gwaggo da tsintsiya a hannu, tasu tambayar ba ta fitowa fili. Kallona kawai suke yi, irin kallon da ake yi wa yarinyar da ta bar marar lafiya tana shara ita tana zaune. Na lura amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, shi ya sa na zauna na rubuta tafiyar tun daga farko.

Gwaggo Yalwa yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka ba ta kiran sunana, Uwata take ce min, sauran mutane kuma Ummi. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Na girma a ɗakin da hatta littattafaina ƙanshin sandal suke yi. Da tari ya kama ta, wata shida aka yi ana ba ta maganin tarin fuka, ba a ga canji ba. Sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka sa allura aka ɗebo ɗan nama aka duba, sannan likita ya kira ƙanenta Baffa Inuwa waje ya ce masa ciwon daji ne a huhun dama. A gida ba wanda ya faɗi sunan a gabanta. Ciwon ƙirji muke cewa.

Daga ranar aka fara jinya irin tamu. Aka kwashe kaskonta da turminta. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙuryar ɗaki, aka saki labule. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, mutum uku ne za su riga ta. Masu dubiya suna shiga suna fita, kowa ya ce ta kwanta ta huta, kar ta motsa. Abincinta ya koma kunu da ruwan zafi, don an ce marar lafiya ba ya son abu mai nauyi. Wata biyu ta yi a haka. 'Yan'uwa suka haɗu suka saya mata keken marasa lafiya, sabo fil, da ledarsa.

Lokacin kuwa garin ba daɗi. Shekarar da aka shiga tayar da bama-bamai ce, ga dokar hana fita, ga shingen sojoji a kowace mararraba. Inda ake yin maganin a nan kusa, layi ya yi tsawo, kuma kullum sai a ce a dawo. Gwaggo tana da wata ƙawa a garin Madani na Sudan, Hajja Nafisa, da suka haɗu a aikin hajji, wadda ta daɗe tana aiko mata da itacen turare. Ita ta ce akwai asibitin masu irin wannan ciwo a garinsu, mu taho. Aka zaɓi Baffa a matsayin muharrami, ni kuma saboda na karanta Larabci.

Mun bar gida bayan azahar don kar doka ta ritsa da mu a hanya. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a keken aka turo Gwaggo har bakin titi. Daga nan zuwa filin jirgi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a da, sai da muka ci awa biyu. A kowane shinge ana sauke mutane, masu babur suna turawa da ƙafa, kowa ya yi shiru. Mu kuwa da sojan ya leƙo ya ga tsohuwa a jingine da keke a bayan mota, sai ya ɗaga mana hannu. A filin jirgi ma haka, aka wuce da mu gaban layi. Baffa ya ji daɗin wannan ƙwarai. A zauren jira ya kira ni gefe ya yi min nasiha. Ya ce shi ya san asibiti, ya yi jinyar mutum ba ɗaya ba. Wanda ya shiga da ƙafarsa yana cewa da sauƙi, shi ake bari a benci. In likita ya tambaye ni, kar in sassauta, in nuna jikin ya yi tsanani, don a tausaya a karɓe ta da wuri. Na ce to. Maganar ta yi min daidai da abin da na saba gani.

Jirgin bai tashi ba sai da gari ya waye, kuma ni aka ba wa taga. Na yi ta kallon ƙasa tana canza launi, daga kore zuwa ruwan ƙasa zuwa fari, ina tunanin kakanninmu da suka taka wannan nisan da ƙafa don zuwa Makka. Gwaggo ba ta kalli waje ko sau ɗaya ba. Carbi take ja.

A Khartum muka fara cin karo da ƙananan matsaloli. Katin rigakafin Baffa yana aljihun babbar rigar da ya cusa a akwati, akwatin kuma yana can bayan wurin da ba za a bar mu mu shiga ba sai da katin. Muka yi tsaye kusan awa guda ana kai da kawo. Da na buɗe baki na yi wa jami'in bayani da Larabcin da na koya a aji, sai ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ji, ga wata tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Dariyar ce ta taimake mu, suka haɗa Baffa da wani ya je ya ɗauko. Da suka ga Kano a fasfo suka tambaye mu yaya gari, sun ji abin da ke faruwa. Na ce da sauƙi. Ɗayansu ya ce su ma nasu yaƙin yana can bai ƙare ba, Allah ya kyauta.

Wurin binciken kaya wata mata ta buɗe jakar Gwaggo ta tarar da kwalabe shida na humra da ta kawo tsaraba. Ta buɗe ɗaya ta shinshina, ta ce ai wannan tasu ce, a ina muka saya. Na fassara. Wannan ne karo na farko da na ga Gwaggo ta miƙe zaune sosai a cikin keken. Ta ce in gaya mata da hannunta ta haɗa, kuma tun kafin a haife ta take haɗawa. Ban fassara rabin ƙarshen ba.

Daga Khartum zuwa Madani awa uku ne a bas. Ƙasa shimfiɗe, magudanan ruwa, gonakin auduga. Can ma akwai shingaye, sai dai su takarda suke dubawa, ba a sauke kowa. Abin da ya fi tsaya min a rai randunan ruwa ne a bakin hanya, biyu ko uku a ƙarƙashin 'yar rumfa, da moɗa a ɗaure, duk mai wucewa ya sha. Ba mai gadi, ba mai tambaya.

Hajja Nafisa doguwa ce, baƙa, mai ƙarar murya. Kakanninta daga ƙasar Kano suka tashi za su hajji, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Hausarsu irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakani, har wata kalmar sai Gwaggo ta fassara min. Gaisuwarsu da dafa kafaɗa ake farawa, sannan a yi ta jero tambaya ba a jiran amsa. Gidan babban tsakar gida ne da gadajen igiya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. A nan ake zama, a nan ake cin abinci, a nan ake kwantar da marar lafiya a tsakiyar mutane. Hajja ta sa an fito wa Gwaggo da gado waje. Mu muka ce a'a, a kai ta ɗaki, iska za ta yi mata yawa. Ta dube mu, ta sa aka mayar.

Abinci ya ba mu wuya da farko. Ba sa karyawa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da dafaffen wake mai faɗi da man riɗi da burodi. Akwai kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami kamar takarda, da miyar kuɓewa busasshiya. Baffa ya ce shi bai taɓa ganin inda ake cin tuwo a shanye ba. Gwaggo ta taɓa sau ɗaya ta ture. Ni kuwa na kamu da gahawarsu da ake dafawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa. Matan gidan suna da wani rami a bayan ɗaki da suke zuba itace mai ƙanshi su zauna a kan hayaƙin, lulluɓe da bargo. Ranar da muka iso Hajja ta sa aka rufe ramin da faifai saboda tarin Gwaggo, kuma ba a sake buɗe shi ba har muka tafi. Sai daga baya na gane girman abin da suka bari saboda mu.

Kwana huɗu da zuwanmu muka ga likita. Mace ce, ba ta wuce shekara arba'in da ɗoriya ba, da tabarau a rataye a wuya. Baffa ya tura keken har gaban teburinta. Gwaggo ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi a gaban duk wani baƙo. Likitar ta daɗe tana duba hotuna da takardun da muka kawo, sannan ta fara yi min tambayoyi a hankali. Tana tashi da kanta? Na ce a'a. Wanka fa? Na ce mu muke yi mata. A wuni, awa nawa take yi a kwance? Na ce duka. Tana cin abinci? Na ce sai kunu. Ba ƙarya na yi ba, duk abin da na faɗa haka yake. Abin da ban faɗa ba shi ne dalili. Baffa yana gefena yana gyaɗa kai.

Ta rubuta wani abu, ta cire tabarau. Ta ce ciwon bai tsallaka zuwa ƙashi ko hanta ba, kuma irinsa yakan ji magani. Amma maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda suke kira kemo, sai ya rushe jiki kafin ya taɓa ciwon. Wanda yake tafiya da ƙafarsa, yana ɗan aikinsa, yana riƙe da naman jikinsa, shi yake iya ɗauka, kuma shi yakan daɗe. Wanda ya wuni a kwance, maganin yakan rage masa kwana ne maimakon ya ƙara. Don haka ba za ta sa wa Gwaggo ba. Za ta rubuta mata maganin zafi da na tari, mu mayar da ita gida cikin 'yan'uwanta.

Na fahimci kowace kalma. Na kuma fahimci abin da na yi tun kafin ta rufe baki. Amma Baffa yana zaune, kuma ban san yadda ake janye magana a gaban babba ba. Na karɓi takardar na yi godiya.

A gidan Hajja na fassara wa Baffa komai. Ya ce shi abin da ya sani yana aiki a gida ya faɗa min. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Hajja Nafisa ce ta ce kar in yi wa kowa kuka, in shiga in gaya wa mai jikin. Na shiga ɗaki na durƙusa kusa da ita na faɗa mata duka, har da sunan ciwon, wanda ban taɓa furtawa a gabanta ba.

Ta ce, “Sunan ai na daɗe da sani, Uwata. Bangon ɗakina ba kauri gare shi ba.”

Na ce to me ya sa ba ta taɓa cewa za ta iya tashi ba.

“Wa ya tambaye ni? Kun sayo keke, kun haɗa kuɗinku. In ce ba na so? Ni ba ciwon ne ya kwantar da ni ba, ku kuka ce in kwanta.”

Washegari na koma asibitin ni kaɗai. Na jira har likitar ta gama da mutanenta, na tare ta a baranda na yi mata bayani, Larabcina yana ta karyewa. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce kusan duk wanda ta mayar sai danginsa sun dawo da sabon labari, kuma ba ta ganin laifinsu, amma ita ba da labari take aiki ba. In kawo Gwaggo bayan sati biyu. Za ta ɗora ta a sikeli, kuma za ta ga tafiyarta da idonta.

A nan muka gane wata biyun kwanciya ba a banza suka wuce ba. Ranar farko da Gwaggo ta miƙe, randa ta nufa. Daga bakin ɗaki zuwa randa taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga, kuma sai da ta huta a tsakiya. Hannuna yana ta kai kansa wajenta, Hajja tana buge shi. Aka fito da gadonta zuwa ƙarƙashin darbejiya. Hajja ba ta taɓa ce mata ta yi tafiya don lafiya ba. Sai dai ta ajiye tiren gyaɗa a can ƙarshen gida ta ce, Hajja Yalwa, zo ki taya ni ɓara. Ko ta kira ta kicin ta ce ta zo ta ga wannan humrar, kamar miski ya yi yawa. Gwaggo ba ta iya jin an ɓata humra ta zauna.

Abinci kuma aka koma wanda ta sani. Matan Hausawan can suna dama wani abu da gero da nono da suke kira godogodo, ɗan'uwan fura ne. Shi ta fara karɓa. Baffa, wanda bai san hanyar ko'ina ba, ya gano wani mai tsire ɗan asalin Haɗeja a bayan kasuwa, kullum da la'asar sai ya dawo da ƙunshi a hannu ya ajiye a gabanta ya ce, Yaya, ko yanka biyu. Ta ci biyu, wata rana huɗu. A kwana na tara ta fita ƙofar gida. A na goma sha biyu muka taka har bakin kogi, ta zauna a kan wani dutse tana haki. Ga masu tambayata Nilu, a ranar na gan shi. Ruwa ne mai faɗi, launin shayi da madara, yana tafiya ba gaggawa. Ban kalle shi sosai ba, ƙirjinta nake kallo yana hawa yana sauka.

Ranar komawa Baffa ya fito da keken ya ce ko don hanya. Gwaggo ta ce ya bar shi. Daga ƙofar asibiti zuwa ofishin likita akwai doguwar baranda, ta bi ta a hankali, hannu ɗaya a bango. Likitar ta ɗora ta a sikeli, ta duba takardar wancan zuwan. Sai ta miƙe ta ce Gwaggo ta biyo ta. Ta kai ta gindin matattakalar bene, ta hau ta tsaya a sama tana jira. Ni da Baffa aka ce mu tsaya a ƙasa.

Gwaggo ta tattare zaninta. Ta hau shida ta tsaya, ta yi tari, ta riƙe ƙarfe. Baffa ya ɗaga ƙafa zai bi ta, na riƙe masa hannun riga, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ta ƙarasa sauran. Da ta kai sama ta juyo ta ce min, tana numfashi da ƙyar:

“Tambaye ta ko akwai wani benen.”

Wannan na fassara shi duka. Likitar ta yi murmushi, ta ce a kawo ta ranar Lahadi da safe, don can Lahadi ranar aiki ce.

Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ba warkewa take yi mana alkawari ba, lokaci ne, kuma yawansa ba a hannunta yake ba. Nisan da ciwon ya riga ya yi da irinsa, wannan ya wuce mu. Wata shidan da aka yi ana maganin tarin fuka ma ba za su dawo ba. Abin da ya rage a hannunmu ƙafarta ce da cikinta: kar mu bari ta daina tafiya, kar mu bari ta daina ci. Hayaƙi kuma ta yi sallama da shi.

Sau huɗu aka ƙara mata maganin, sati uku-uku a tsakani. Ya wahalar da ita. Gashinta ya zube, akwai kwanakin da ko ƙanshin humra ba ta so. Amma ko a ranar da ta fi jin jiki sai ta je randa ta dawo. Hoton ƙarshe ya nuna abin ya ragu, bai tafi ba. Aka ba mu takardu mu kai wa likitan gida, da ranar komawa.

Keken mun bar shi a Madani. Da muka fito Hajja Nafisa ta riga ta ɗora masa buhun dawa za a kai inji.

Mun sauka Kano da rana. Shingayen suna nan, har an ƙara wasu. Wannan karon ba wanda ya ɗaga mana hannu, aka sauke mu kamar kowa, Gwaggo ta taka ta wuce buhunan yashi da jakarta a hannu. A bakin lungunmu mata sun fito tarya, wasu da kuka. Aka yi ta tambayar ina keken, wasu biyu har sun haɗa hannu za su ɗauke ta. Ta gaisa da kowa, ta ratsa su ta wuce gida.

Yanzu humra kawai take haɗawa, kaskon wuta ni ke kunna shi a soro in za a gwada turare, ita tana daga ciki tana tambayata yadda ya tashi. Takan gaji da wuri. Akwai ranakun da tarin yake dawowa, mu yi shiru muna saurare. Ban san nawa ya rage ba, likitar ma ta ce ba ta sani ba.

Shekaranjiya wata ƙawata ta zo dubiya, ta tarar da ita tana share tsakar gida. Ta ajiye jakarta da sauri ta kama tsintsiyar, tana cewa haba Gwaggo, kawo, ina Ummi take da za ta bar ki. Ina zaune a bakin ɗaki da littafi a cinyata, ban tashi ba. Gwaggo ba ta saki ba.

“Sakar min, 'yar nan,” ta ce. “Wata biyu na kwanta don in faranta muku, saura kaɗan ku rasa ni. In taimako kike so, ɗauko mayafinki ki raka ni bakin titi.”

Suka tafi. Sau biyu ta tsaya a hanya, in ji ƙawar tawa. Da suka dawo ta ɗauki tsintsiyarta ta ƙarasa inda ta tsaya.